Gashin Matan Garinmu Yana Kaina

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa zuwa ga Malama, Allah ya ƙara mata lafiya, da dukan matan da ke taruwa a tsakar gidanta a Gozaki ranar Alhamis. Na ji a bakin masu zuwa cin kasuwa cewa in mace ta rasa inda za ta kai kukanta, takan aiko da takarda, Malama ta karanta a gaban mata ba a kira suna ba, kowace ta faɗi abin da ta gani. To ga tawa ta iso. Don Allah, don darajar iyayenku, ku bari a kai ƙarshe kafin ku fara salati da riƙe haɓa. Duk zagin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina, safe da yamma, har na gaji. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, don kwanakin da suka rage mini ba su cika bakwai ba.

Ni makitsiya ce a wani gari kusa da Malumfashi, kada a tambayi sunansa. Da hannuna nake rubutun nan. Mahaifina malamin allo ne, Allah ya jiƙansa, ya koya mini kafin a kai ni ɗaki, in kun ga baƙaƙen sun karkace ku yi haƙuri, yatsun sun fi sabawa da tsinke. Na haura shekara ashirin ina kitso. Ba fariya ba, amma doka in ba ni na ɗora ta ba, matan garinmu ba sa lissafa ta cikin doka. Kun dai san aikin, a naɗe tsumma a aza a tsakiyar kai, a janyo gashin gefe da gefe a lulluɓe shi ruf, a bi da man shanu da shuni har ta riƙa ɗaukar ido, ta yi wata guda ko fiye ba a taɓa ta ba. Tawa ba ta karkata, ba ta zama, ko da mace mai mugun barci ce. Amare, masu jego, matan fatake da suka ji mazansu na hanyar dawowa, duk a tsakanin gwiwoyina suke zama. Kuma abin da ke jawo su, wallahi, dokar da ke kaina ce. Mace za ta shigo ta ce, "Inna, irin taki nake so." Ni kuwa in yi dariya in ce, "Irin tawa sai mai gashi, yarinya, zauna dai mu ga abin da Allah ya ba ki." Ku riƙe wannan maganar tawa, za ku ji inda ta kai ni.

Gwaggona ce ta koya mini sana'ar, kuma kafin ta bar ni in riƙe tsinke sai da ta koya mini abu ɗaya. In an gama tsifa da taje, duk gashin da mataji ya kwaso, da wanda ya zuba a zane, da wanda ya faɗi a tabarma, makitsiya za ta tsince shi tsaf, ta murza a tafin hannu ya dunƙule, ta sa wa mai shi a hannu ta ce, "Ga amanarki." Mai shi ta je ta binne, ko ta cusa a tsagar bango inda ita kaɗai ta sani. Ban san ko haka kuke yi a wajenku ba, amma mu nan mace ba ta tashi daga gaban makitsiya sai ta ji wannan kalma, saboda kowa ya san abin da mugu zai iya yi da silin gashin mutum. Na taɓa mantawa sau ɗaya ina yarinya, Gwaggo ta ɗauke ni da mari a gaban mai kitson, ta ce, "Kan mutum aka ba ki, ba ƙwarya ba!" Tun daga ranar ban sake mantawa ba. Abin da na yi daga baya ba mantuwa ba ce, da sanina na yi shi.

Bayan na haifi autata na yi wata doguwar masassara ina cikin wankan jego. Da na tashi, gashi ya fara bin mataji. Ku da kuka haihu kun san wannan ba wani abu ba ne, yakan zuba ya dawo. Amma ni ina! Ni ce gwana, ni ce mai ba wasu magani, zan zauna in jira? Na jiƙa kanwa da ruwan toka mai ƙarfi, na haɗa da katsi, lakar da marina ke kwasowa a gindin rijiyar rini, da wata tsohuwa ta ce yana tsirar da gashi, na kwaɓa na lafta a tsakar kaina na ɗaure da tsumma. Yana ci ina cewa aiki yake yi. Yana ƙuna ina cije leɓe ina cewa haka magani yake. Da na kwance da la'asar, innalillahi, fatar ce ta biyo tsumman. Gyambon ya yi wata biyu kafin ya warke, da ya warke kuma sai wurin ya zama sumul, faɗin tafin hannu biyu, ko tsiro ɗaya babu har yau, shekara bakwai ke nan. Gashin gefen da ya rage ya yi shara-shara, ba zai haɗu a sama ya rufe tsumma ba. Ku gaya mini, wace amarya ce za ta miƙa kanta ga makitsiya mai sanƙo? Wace ce za ta karɓi haɗin man gashi daga hannun wadda ta ƙone kanta da nata haɗin? Ko maigidana bai gani ba. Na ce masa ciwon kai ne, na ƙulle kallabi, shi kuwa mutum ne da bai cika tone-tone ba, daga gona sai masallaci.

Mutum ɗaya ce ta gani. Zan kira ta Kande, ba sunanta ke nan ba. Bamagujiya ce, gidansu na can bayan ganuwa cikin gonaki, tana kawo mini man kaɗe duk ranar kasuwa. Mun san juna tun wata shekara da aka yi gudun mahara, suka shigo cikin gari da awakinsu aka raba su gida-gida, ita ta faɗo ɗakina da goyonta. Ba ta salla, tana dafa giya in suna biki, bakinta kuwa ba linzami, kullum "'yar birni" take ce mini don tsokana, alhali garin namu da ƙyar ya fi ƙauye. Ita ce ta shigo ta same ni ina wanke gyambon, ban ji motsinta ba. Ta tsaya ta duba, ba ta yi ihu ba, ta ce, "Kai, 'yar birni, kin dafa kanki kamar kabewa." Sai na fashe da kuka. Ita ta riƙa kawo ganye tana wanke mini har ya warke, ko ƙyama ba ta yi ba, ni da kaina ina jin warin. Ni kuwa maimakon godiya, na ɗauko fartanya na ce ta dafa ƙarfen ta rantse da aradu, irin rantsuwarsu da ba sa karyawa, cewa duk abin da ta gani a kaina da duk abin da za ta gani nan gaba, ba za ta faɗa wa ɗan Adam ba. Ta ce, "Har sai na rantse?" Na ce sai kin rantse. Ta dafa ta rantse.

Ranar da na fara, matar wani maƙeri ce a gabana, mai gashi kamar ta ba da sadaka. Na taje ta, mataji ya cika fal. Ina murzawa a tafina sai zuciyata ta ce, wannan fa ƙasa ce za ta ci. Me zai rage ta in na ɗebi rabi? Na raba dunƙulen biyu da babban yatsa, rabi na tura ƙarƙashin cinyata, rabi na sa mata a hannu na ce, "Ga amanarki." Muryata ko rawa ba ta yi ba. Ta ce, "Allah ya saka, Inna." Daga nan shi ke nan, duk wadda ta zauna, rabi nata rabi nawa. In sun watse in warware, in wanke da sabulun salo, in miƙar da silin, in murza a cinya, in turmusa shi a shuni. Da ya taru na kira Kande na koya mata yadda za ta sarƙa shi da ɗan nawa na gefe, tunda makitsiya ba ta iya ɗora wa kanta doka. Ta ce, "Gashin wa ne wannan?" Na ce ke dai kitsa. Ta juya shi a hannu ta ce, "Ni ban ga laifi a abin da za a binne ba, amma mutanenki in suka ji, ba za su ce ado ba ne." Na ce wa zai gaya musu, ke da kika dafa ƙarfe? Ranar da na fito da sabuwar doka mata har guɗa suka yi, wai jego ya karɓe ni. Kada Malama ta zaci jahilci ne. Na san abin da littafi ya faɗa a kan mai ƙara gashi da wadda ake ƙara wa, na ji shi a bakin mahaifina tun ina ƙarama. Na sani, na toshe kunne.

Kuma kada ku ɗauka daɗi na ji cikin shekarun nan. Tabon yana ƙaiƙayi da bazara kamar zan yi hauka, ba halin sosawa a gaban mutane. Ban sake zuwa rafi wanka da mata ba. 'Ya'yana sun sha cewa, "Inna, kawo mu tsefe miki," in daka musu tsawa, har suka ɗauka ban yarda da hannunsu ba ne. Amma da zarar na shiga gidan biki na ga idanu sun bi kaina, sai in manta duk wannan, in ƙara miƙe wuya.

Gidana gidan mata ne, kullum a cike, wannan ta buɗe tukunya wannan ta ɗaga tabarma, ba inda zan ɓoye abu. Sai na sami wata babbar batta ta fata. Abin da na tara a mako yana ɗaure a ƙuguna, ranar kasuwa Kande ta kawo battar a ƙarƙashin curin man kaɗe, in zuba, ta koma da ita gidansu. Ga kuma wautar da ta kashe mu. Gashi ba iri ɗaya ba ne, akwai mai tauri na cikon ƙasa, akwai mai laushi na rufe sama. Don kada su cakuɗe, na kowace mace daban nake dunƙulewa in ɗaure da zare, wannan fari, wannan baƙi, wannan ja. Ni a idona tsarin aiki ne kawai. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba, in wani ya buɗe battar nan ya ga gashin mata ƙulli-ƙulli, kowanne da launin zarensa, me zai kira shi?

A cikin masu zuwa wurina akwai wata yarinya, zan ce mata Hajara, matar ɗan mai garinmu. Gashinta ya fi na kowa tsawo da laushi, kuma tana da alama, tun haihuwa akwai wani ɗan farin gashi a goshinta ta dama, fari tas, duk garin an san ta da shi. Nata nake ajiyewa na gaban doka, in na rina da shuni ba mai ganewa. Yarinyar nan ta yi ɓari sau biyu, na biyun a farkon daminar nan, daga nan ta kwanta, ciwon kai, ba ci ba sha, sai rama. Uwar mijinta, wadda duk gari ke kira Iya, ta riga ta sa a ranta hannu aka sa wa yarinyar, tana ta neman wanda za ta kama.

Ranar Litinin ta makon jiya, ranar kasuwarmu, Kande ta biyo ta ƙofar gidan mai gari kafin ta iso wurina, Iya ta kira ta za ta sayi mai. Ta sauke ƙwarya a tsakar gida suna ciniki, sai ga wani bunsuru a guje an koro shi daga gindin rumbu, ya yi fatali da ƙwaryar. Batta ta gangara, murfi ya fita, ƙulle-ƙullen suka watse a gaban Iya. Wanda ya tsaya a bakin ƙafarta mai jan zare ne, ban riga na rina shi ba, farin silin nan yana kwance a cikin baƙi. Ina gida ina yi wa wata tsifa na jiyo ihu, "Matsafiya! An kama matsafiya!" Mataji ya faɗi daga hannuna, don na san wadda aka kama ba ma sai an gaya mini ba, rana ta yi tsaka Kande ba ta iso ba.

Aka taru a ƙofar mai gari, aka aiko in zo tunda ni ce mai taɓa kawunan matan. Na tarar da Kande durƙushe a rana, zanenta a yage, leɓenta a fashe, an jera ƙulle-ƙullen a kan faifai, mata suna leƙe daga cikin soro kowace tana cewa ga nawa can. Mai gari ya ce da ita, "Ina kika samo wannan?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, ɗauko shi na yi, amma ba nawa ba ne." Ya ce, "Na wa ne?" Ta ƙi faɗa. Sau uku yana tambaya. Ba ta ko dubi inda nake ba, wallahi da ta dube ni da na fi samun sauƙi. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Ke makitsiya, gashin nan ta hannunki yake bi. Me kika sani?" Kafin in buɗe baki matan cikin soro suka ɗauka, "A'a, ranka ya daɗe, Inna kam ba ta taɓa tashinmu ba ta ba mu amanarmu ba!" Har da Iya. Ga hanya Allah ya buɗe mini in faɗi gaskiya, kalma biyu ce kacal, in ce nawa ne. Amma na ji iska na taɓa kallabina, na ga maza cike da fili, ga maigidana a tsaye cikinsu, ga mijin babbar 'yata. Mai gari ya ce, "Tana shiga gidanki?" Na ce, "Tana shiga, ranka ya daɗe." Da na tsaya nan ma da sauƙi. Sai na ji bakina ya ƙara da cewa, "Wani lokaci har takan taya ni shara." Aka ɗauki salati gaba ɗaya. Gaskiya ce fa, takan taya ni shara. Amma na san abin da nake yi da na faɗe ta, na san yadda za a ɗauke ta.

Mai garinmu ba azzalumi ba ne, ya hana a sake taɓa ta. Amma ya ce ya ba ta kasuwa biyu. Ko ta faɗi wanda ya aike ta da gashin, ko ita da mijinta da duk gidansu su tashi daga ƙasarsa, kuma ba za su yanki ko zangarniya ɗaya ba. Malama, gidan gandu ne, da tsofaffi da jikoki, dawarsu ta yi kai saura kaɗan a yanka. Kakannin mijinta ne suka sare dajin wurin. Ina za su da uwar mijinta da ba ta gani? Me za su ci har wata damina? An hana su rijiya sai rafi, ba mai sayen manta, wanda zai auri 'yarta ma na ji danginsa sun ja da baya. Kasuwa ɗaya ta ci jiya, saura ɗaya.

Ni kuwa tun ranar gidana ya ƙara cika. Kowace tana so in tsefe mata in wanke, wai a fitar da abin da aka sa. Suna zaune tsakanin gwiwoyina suna tsine wa Kande. Matar maƙerin nan ta ce ashe shi ya sa tun bara take ciwon ƙugu, wata ta ce ita kajinta suka mutu, wata ta ce dama ita tun farko ba ta yarda da idon matar ba, alhali ita ce ta fi kowa sayen manta. Ni ina ja musu gashi ina cewa Allah ya kyauta. Maigidana ma ya kira ni ya ce, "Kin ga irin mutanen da kike sakewa da su? Allah ne ya tsare, da har ke za ta shafa. Ki gode masa da ya sa gaskiyarki ta fito a bainar jama'a." Na ce to, Malam. Na ɗauki akushin na fita da shi, tuwon ko taɓawa ban yi ba.

Ranar Juma'a da hantsi na ce zan je neman ganyen lalle, na fita ta ƙofar gari na bi ta cikin dawa har gidansu. Na same ta a gindin kaɗanya tana fasa ƙwarar kaɗe. Na zube a gabanta ina kuka, ina cewa ki yafe ni, tsoro ne, shaiɗan ne. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, "Juya." Na ce me? Ta ce, "Juya mana, dokarki ta saki ta baya, tun daga nesa na hango. In kika koma haka za a gani." Jama'a, na juya. Wannan shi ya fi komai ci mini rai, na juya na zauna a tsakanin gwiwoyinta, ta goge hannu a zane, ta gyara mini tsaf da yatsunta da suka kumbura saboda duka, har tana cewa in daina motsi. Na ce, "Kande, na warware miki rantsuwar, je ki faɗa." Ta yi wata irin dariya ta ce, "Ke kike riƙe da aradun da za ki warware? Na dafa ƙarfe, 'yar birni. In na buɗe baki a kan 'ya'yana za ta sauka. Mijina ya tambaye ni har ya gaji, ya daina yi mini magana." Ta ɗaura mini kallabin da kanta, ta ce, "Ni bakina a ɗaure yake. Naki kuwa na ji shi ranar nan, lafiyarsa lau." Ta koma kan ƙwararta.

Yau da safe kuma Iya ta aiko in je in yi wa Hajara tsifa, kanta ya yi wata uku ba a taɓa ba. Na je. Yarinyar ta zama ƙashi da fata, sai an tallafe ta take zama. An ƙone ƙullin nata, an yi mata rubutu, amma ta ce ita ta san akwai saura a wani wuri, tana jin kamar ana jan gashinta daga nesa, shi ya sa ba ta iya cin abinci. Saura kuwa akwai, yana gaban dokata, ina sunkuye da shi a kanta. Na taje ta a hankali, na tsince duk sili, wannan karon ban rage ko ɗaya ba. Ta buɗe tafin hannunta tana jira, ta ce, "Inna, duk garin nan yanzu ke kaɗai na yarda ki taɓa kaina." Na sa mata a hannu. Na miƙe ban faɗi kalmar nan da na faɗa sau dubu ba. Iya ta ce, "Ba ki ce komai ba." Na ce, "Ga amanarki." 

Na juya maganar nan ta kowace fuska. In na je na ce nawa ne, ba za a yarda da baki ba, za a ce ƙawata nake karewa. Dole sai na cire kallabi a gaban mai gari da mazan gari, na warware dokar nan sili-sili, kowace mace ta zo ta gane nata, a ga sanƙon da na ɓoye wa mijina shekara bakwai. Kuma wa ya ce za su yarda ado ne kawai? Iya za ta yarda ɓarin Hajara ba ruwansa da ni? In suka ce ni ce matsafiyar fa? 'Ya'yana mata biyu suna ɗakin aure a garin nan, autata shekararta bakwai, wa zai dube ta nan gaba? Na yi tunanin in je wurin Iya ita kaɗai a ɗaka, amma Iya ba ta riƙe magana, kuma hukuncin a fili aka yanke shi. Na yi tunanin in gudu Dandume wurin ƙanwata in aiko da saƙo daga can, amma wa zai yarda da saƙo in ba a ga kan ba? Na yi tunanin in yi shiru, su tashi, bayan shekara biyu a manta. Wallahi na yi wannan tunanin, ba sau ɗaya ba, kuma kun san abin da ya biyo bayansa a zuciyata? Wai in Kande ta tafi, wa zai riƙa ɗora mini doka. Ku ji irin matar da ke rubuto muku.

Wadda ta kawo takardar nan 'yar koli ce, ba ta karatu, ba ta san abin da ta ɗauko ba. Ranar Asabar za ta juyo, Malama ta ba ta amsa a naɗe. Kada ku ce mini in yi istigfari kawai, ina yi, amma istigfarina ba zai yanke wa Kande dawa ba. Ku gaya mini ta inda zan fara, wa zan fara gaya wa, mijina ko mai gari ko yarinyar da ke kwance, kuma da wane baki. In akwai wata hanya da gidan Kande zai tsira ba tare da na tsaya kai buɗe a gaban maza ba, don Allah ku nuna mini ita. In babu, ku ce mini babu, in ji daga bakin wani. Litinin kasuwa za ta ci. Dokar da ta gyara mini tana nan daram a kaina, ko sili bai motsa ba.

Me zan yi?